Saƙonnin Tsafe da Abdulaziz Bai Gama Saurare Ba

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha biyu ga watan Agusta, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Abdulaziz Abdullahi Bungudu a wani asibiti a Gusau, bayan zazzaɓin da muka ɗauka na damina ne, zai zo ya wuce. An yi masa sutura a Bungudu bayan la'asar, ana yayyafi. Ina bisa babur a hanyar Wanke, zan je duba wasu tumaki, waya ta yi ta ruri a aljihuna na ƙi tsayawa. Da na gaji na ɗauka, sai na ji muryar Malam Jatau, jami'inmu na Tsafe. Ko sallama bai yi ba, abin da ban taɓa jin ya yi ba tun da na san shi. Ya ce Injiniya ya cika, sunan da muke kiran Abdulaziz ke nan. Na juya babur a tsakiyar hanya, tumakin nan har yau ban je na gan su ba.

Abdulaziz, ni ne Usman, mai duba lafiyar dabbobi, wanda ya fi kowa damunka a ƙungiyarmu ta manoma da makiyaya. Ina rubuta wannan ne don waɗanda suka yi maka salla ba tare da sun san aikin da kake yi ba, har da wasu daga cikin danginka. Ƙungiyarmu tana da ofishi a Gusau da rassa a Tsafe da Bungudu, kuma duk rahoton da jami'anmu ke aikowa daga ƙauyuka da rugage ta imel yake zuwa. Akwai na'ura ɗaya a ƙaramin ɗakin bayan ofis, wadda muke kira saba, ita ke karɓar saƙonnin nan tana ajiyewa shekara da shekaru. Kai ka kafa ta, kai kaɗai ka san cikinta. Ka tafi ka bar aiki a kanta rabi da rabi, kwamitin ƙungiya kuma ya riga ya yanke shawarar kashe ta. Idan aka kashe ta yanzu, duk abin da mutanen yankin Tsafe suka faɗa mana game da dabbobinsu da gonakinsu zai bi ta. Wannan ne ya hana ni zama wuri ɗaya tun ranar da muka baro ka a makwancinka.

Ni da kai ba mu taɓa tafiya da sauri ɗaya ba. Ni in na ce a yi, to a yi yanzu. Kai kuwa sai ka gyara zaman hula, ka ɓare gyaɗa, ka ce bari mu gani. Kunkuru nake kiranka, kana amsawa ba ko fushi. Amma kunkurun nan ne ya riga ni isa gidana ranar da naƙuda ta kama matata Sumayya, ina can wata ruga ruwa ya cika rafi ya tare ni. Kai ka nemo Keke Napep, ka ɗauko maƙwabciyarmu, kuka kai ta asibiti, ka tsaya a bakin ƙofa har aka sauka lafiya. Da na iso jiƙe sharkaf ina ta godiya, sai ka ce in bar godiya in je in canza riga. Tsofaffin unguwarku a Bungudu ma sun san ranar Asabar ta gyaran waya ce, su zo su jere a zaurenku, wannan hotonta ya ɓace, wancan ba ya jin kira. Ban taɓa ganin ka ɗaga wa ɗayansu murya ba, ko da laifin wayar bai wuce an manta an kashe ƙararta ba.

Rigimar sabar ta faro ne daga kaina. Bara, farkon damina, kirci ya ɓulla a garken wasu makiyaya kusa da 'Yankuzo. Na san an taɓa aiko mana labarin irinsa daga wajen a shekarun baya, ina son in ga wane lokaci ya fara da abin da aka ba su. Na buɗe akwatin imel na ƙungiya, na rubuta kirci a gurbin nema. Babu. Na rubuta 'Yankuzo. Babu. Saƙonni kuwa ga su nan jibge, dubbai, ina kallonsu da idona. Na shigo ɗakinka ina faɗa, na ce na'urarka rumbu ce marar ƙofa, an zuba hatsi ba a iya ɗiba.

Ba ka musa ba. Ka zaunar da ni ka yi mini bayani, shi ne bayanin da nake maimaita wa mutane yanzu. Ka ce idan mutum ya nemi kalma, sabar ba ta bin saƙonni ɗaya bayan ɗaya tana karantawa. Tana da fihirisa, irin ta ƙarshen littafi, inda ta jera kowace kalma da saƙon da take ciki. In fihirisar ta lalace, saƙo yana nan amma ba mai gane hanyarsa. Zatonka na farko shi ne ɗauke wuta ya lalata ta, domin an sha ɗaukewa tana tsakiyar rubutu. Ka share tsohuwar, ka sa ta gina sabuwa daga tushe. Ginin ya ɗauki kwanaki, wuta ta katse shi, ka sake farawa, ta sake katsewa. Ƙarshe batirin solar gidanka ka kwance ka ɗauko a bayan babur, ka bar Sa'adiya, maiɗakinka, tana fifita da mafici, tana aiko mini da saƙon in faɗa maka ita ma tana da fihirisar laifuffukanka.

Da ginin ya kammala, ka kira ni, muka rubuta kirci tare. Babu. Ranar na ga ka cire hula ka ajiye a kan tebur, na san abin ya taɓa ka.

Daga nan ka shiga bin ta lungu-lungu. Ka duba ko ma'ajiyar ta cika, ba ta cika ba. Ka duba ko manhajar da ke gina fihirisa tana da izinin shiga kowane akwati, ka tarar an hana ta na Bungudu, ka buɗe mata, muka yi murna, murnar ta koma ciki domin ba abin da ya canza. Ka karanta dogon bayanin da na'urar ke rubutawa a kan kanta, layi bayan layi, ba ka ga kuka ko ɗaya ba. Ni kuwa kullum ina leƙowa ina tambayar an gama, kana cewa bari mu gani, har na fara jin kalmar nan tana yi mini zafi a kunne. Sai wata safiya ka aika wa kanka saƙo, ka rubuta kunkuru a ciki, ka nema. Kafin ka ɗage yatsa ya fito. Ka juyo ka dube ni, ka ce fihirisa lafiyarta lau, ruwa kuwa ba ya tsami banza, ciwon yana wani wuri.

Abin da ya rage shi ne a buɗe saƙonnin da kansu, abin da ba wanda ya yi tunanin yi saboda yawansu. Ka buɗe na farko. A gurbin take, inda ake rubuta abin da saƙo ya ƙunsa, an rubuta assalamu alaikum. A ciki an gaishe da shugaba, an tambayi iyali, an yi barka da ruwa, an rufe da cewa ga shi nan. Rahoton kansa yana maƙale a ƙasa, hoton takarda ce da aka rubuta da hannu aka ɗauka da waya. Na biyu haka. Na uku ma ba takarda, murya ce aka naɗa, wani makiyayi yana bayani jami'inmu yana riƙe masa waya. Ka rubuta assalamu alaikum a gurbin nema, sai ga kusan duk abin da ke cikin sabar ya zubo. Ka yi dariya har da hawaye, ni kuwa ko murmushi ban yi ba.

"Malam Usman," ka ce, "na'ura ba ta yi ƙarya ba. Abin da muka rubuta mata shi ta riƙe. Shekara da shekaru gaisuwa muke ba ta, ita ma gaisuwa take mayar mana."

A taron jami'ai na wata, ni na miƙe na ce a hana gaisuwa a saƙon aiki, a rubuta gari da cuta kawai. Malam Jatau ya dube ni kamar na zagi iyayensa.

"Kai dai ka cika gaugawa, Usmanu. Ƙaƙa za ni aika ma mutum takarda in hwara da kirci tun ban gaishe shi ba? Ko gidan maƙiyinka ka shiga, sallama kaka hwara yi."

Ɗaki ya goyi bayansa, na zauna ina huci. Kai ka raba gardamar. Ka ce ba za ka zama wanda ya hana Musulmi sallama ba, a ci gaba da yin ta a take yadda aka saba, amma a bayanta a ƙara sunan gari da abin da ya faru, ko da kalma uku ce. Sannan ba ka tsaya a faɗa ba. Ka hau mota ka je Tsafe, ka je Bungudu, ka zauna da kowane jami'i da wayarsa a hannu har sai da ya aika ɗaya a gabanka. Wasu sun koma tsohuwar hanya bayan mako biyu, ka sake komawa.

Wannan ya gyara na gaba. Na baya fa? Ka gwada wata manhaja mai karanta rubutu a cikin hoto. Ta karanta abin da aka buga da na'ura, amma da ta iso rubutun hannun jami'anmu, wasu ma da ajami, sai ta fara kawo shirme. Muryoyin kuwa ba a magana, Hausar ƙauye ce da Fulatanci, ga kukan shanu da iska a baya. Na ce maka a haƙura, allura ce cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka. Ka ce allurar ta mutane ce, ba ta mai rabo ba. Ka ɗauko abin sauraro ka sa a kunne, ka fara buɗe su ɗaya bayan ɗaya, kana saurare, kana rubuta wa kowanne ɗan bayani a jikinsa: gari kaza, dabba kaza, ciwo kaza. Abin da ka rubuta shi fihirisa ke kamawa. Na ce wannan aikin sai ka tsufa a kansa. Ka ce sannu ba ta hana zuwa.

Ka gama na Gusau, ka gama na Bungudu. Ranar da ka kira ni in gwada, na rubuta hanta, sai ga rahotannin ciwon hantar dabbobi sun jeru, shekara bayan shekara, kusan duka daga garkunan da ke kiwo a fadama bayan ruwa ya janye. Abin yana gabanmu tuntuni, ba mu taɓa ganinsa a jere ba. A wannan shekarar na riga ciwon zuwa, na bi garkunan da magani tun kafin su rame. Makiyayan suna ta sa mini albarka, na faɗa musu akwai wani a ɗakin bayan ofis da ya fi ni cancanta, suka aiko maka da ƙwaryar nono.

Na Tsafe ne ya rage, kuma shi ya fi nauyi. Yawancinsa murya ce. Da yawa daga cikin masu maganar sun fito ne daga rugage da ƙauyukan da yanzu ba ma iya zuwa, mutanensu sun watse saboda rashin zaman lafiya, wasu sun rasu. Ba za a sake samun wanda zai ce mana rijiyar wuri kaza takan ƙafe a wata kaza ba, ko wace ciyawa ce ke kumbura wa tumaki ciki a gefen dutse. Abin da suka faɗa a wayar Malam Jatau shi ke nan abin da ya rage. Inda Fulatanci ya fi ƙarfinka, sai ka tara, Malam Jatau ya shigo Gusau ku zauna tare ya fassara.

Ana cikin haka kwamiti ya zauna. Alhaji Mansur, shugabanmu, ba mugun mutum ba ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya ce sabar ta zama jidali, kullum batir, kullum gyara, ga ɗakin ana buƙatarsa don ajiye iri, jami'ai kuma sun koma aika saƙo ta guruf na waya. Aka yanke a kashe ta. Ka roƙi a bar ka zuwa ƙarshen damina ka gama Tsafe, ka fitar da komai a tsare yadda za a iya nema ko ba ita. Aka ba ka. Daga ranar na ga abin da ban taɓa gani ba, na ga kunkuru yana gudu. Ka daina fita cin abinci, ka daina zuwa Bungudu ranar Asabar. Zazzaɓi ya fara, ka sha magani a tsaye ka koma ka sa abin sauraro. Na ce ka je asibiti, ka ce bari mu gani. Ina jin haushin wannan amsar har yanzu, Abdulaziz, kuma ina jin haushinka, duk da na san kwana in ya ƙare ba asibitin da ke ƙara shi.

Washegarin jana'iza na shiga ɗakin. Sabar tana ta ƙugi, fitilunta suna ƙiftawa, kujerarka a ture yadda ka bar ta. Na kasa zama, na kasa fita. Na je Tsafe ba tare da wani dalili ba, na dawo. A ofis na ji ana cewa tunda mai ita ya tafi, ba amfanin jiran ƙarshen damina, a kashe ta kawai a kwashe iri a zuba. Ban iya yi wa kowa gardama ba, domin ban san ko maɓalli ɗaya a jikinta ba in ban da na nema.

Ranar addu'ar uku muka je Bungudu. Muna zaune a zaure tare da Alhaji Mansur da Malam Jatau, sai aka ce Inna Yelwa, mahaifiyarka, tana son ganin abokin aikinka. Ta fito har bakin ƙofar da ke tsakanin zaure da tsakar gida, ta zauna a kan tabarma, duk wanda ke zauren yana jin ta. Kai ne ɗanta na fari, ko a ranar ba ta kama sunanka ba.

"Usmanu, aikin ga da yah hana yaron ga zuwa gida, wane irin aiki na?"

Na yi mata bayani iya iyawata. Na ce mutanen ƙauyuka ne suka yi magana a waya game da dabbobinsu, kai kuma kana saurare kana rubuta wa kowace magana suna don kada ta ɓace. Ta tambaya ko masu maganar suna raye. Na ce wasu suna nan, wasu sun riga ka. Ta tambaya ko ka gama. Na ce saura na Tsafe.

"To amana ta, ba aiki ba," ta ce. "Mi kaka jira nan? Addu'a tana iske shi ko daga Gusau. Tashi ka tahi ka ƙarasa mai."

Na kasa ɗaga kai, domin ban san yadda zan ce wa uwa mai makoki za a kashe na'urar ba. Alhaji Mansur ne ya yi gyaran murya. Ya ce, "Inna, za a ƙarasa. Ba mai taɓa ta sai an ƙarasa." A hanyar dawowa, da muka shigo Gusau, ya ce da ni iri ya jira a baranda.

Na koma ɗakin da yamma, na zauna a kujerarka. Hauwa'u sakatariya ta nuna mini inda kake rubuta bayanin, ashe ka koya mata. Saƙon da ka tsaya a kansa yana buɗe. Ka rubuta, "'Yankuzo, saniya ta haihu, ta ƙi", ka tsaya nan. Na sa abin sauraron, na ji wani dattijo yana bayani a hankali, saniyarsa ta haihu ta ƙi tashi. Na rubuta kalmar da ta rage. Sannan na kifa kaina a kan tebur na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Ban san ko zan iya ba. Ba ni da haƙurinka, kuma in fihirisa ta lalace ban san ta inda zan fara ba, sai dai mu nemo wani. Amma Malam Jatau ya ce zai riƙa shigowa, Hauwa'u ta ɗauki na takardu, ni na ɗauki muryoyi. Suna da yawa, Abdulaziz, sun fi yadda ka faɗa mini yawa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Yelwa, da Sa'adiya, da 'ya'yanka Nura da Nana Khadija, da 'yan'uwa da mutanen Bungudu baki ɗaya, da tsofaffin da za su zo zaure ranar Asabar su tarar ba kowa. Allah Ya ba ku haƙurin da ya fi wanda nake da shi. Ya Allah, bawanKa Abdulaziz ya saurari bayinKa da ba wanda ya tsaya ya saurare su, Ka saurari roƙonmu a kansa. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sauƙaƙa masa tambaya. Ka sa abin da ya tsare wa mutane ya zama sadaka mai gudana a gare shi, Ka raya abin da ya bari a kan tafarkin gaskiya, Ka haɗa shi da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a Aljannar Firdausi. Mu kuma da muka rage, Ka ba mu ikon sauke amanar da ya bar mana kafin tamu ta zo. Amin.